Direban tasi a Bronx, karayar arziki, da katin dala 300

A shekarar 2014 lambar tasi guda ɗaya a birnin New York ta haura dala miliyan 1. Wani ɗan farantin ƙarfe ne da ake mannawa a bonet ɗin tasi mai ruwan ɗorawa, kuma sai motar da ke ɗauke da shi ce ke da izinin tsayawa ta ɗauki fasinja a bakin titi a tsakiyar Manhattan. Tun 1937 hukumar birnin ta ƙayyade yawan lambobin, har yau kuwa ba su cika 14,000 ba. Da yake kullum farashinta sama yake yi, direbobi 'yan ci-rani daga Bangaladash da Pakistan da Haiti da Afirka ta Yamma suka ɗauke ta a matsayin fanshonsu: ka ci bashi ka saya, ka yi ta tuƙi kana biya, ranar da ƙarfi ya ƙare ka ba da hayarta ko ka sayar. Masu ba da rance suka yi ta zuba kuɗi ba tare da sun damu da ko direban zai iya biya ba, hukumar birnin ma ta yi ta gwanjon sababbin lambobi har zuwa 2014. Uber, kamfanin kiran mota ta manhajar waya, ya shigo birnin a 2011, takwaransa Lyft ya biyo baya, motoci suka cika titi. Cikin 'yan shekaru farashin lambar ya faɗo ƙasa da dala 200,000, bashin da aka ci don sayenta kuwa yana nan daram. Binciken jaridar New York Times na 2019 ya gano masu lamba fiye da 950 da suka kai kansu kotu suka ayyana karayar arziki.

Mutumin da wannan nazari ya shafa yana cikin irin waɗannan. Ɗan asalin Maraɗi ne, ya daɗe a Bronx, ɗaya daga gundumomin birnin New York, magidanci mai 'ya'ya, kuma Alhaji ake ce masa a gareji, don haka ni ma haka zan kira shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a lamarinsa shi ne abin da ya biyo bayan kotu, amma sai an san yadda ya shiga kafin a gane yadda ya fito.

Da cinikin rana ya daina isar kuɗin wata na lambar, Alhaji ya yi abin da da yawa suka yi: ya koma yana cike giɓin da katunan bashi. Wannan kati ya biya hayar gida, wancan ya biya gyaran mota, a ciro tsabar kuɗi daga na uku a kai wa masu rancen lambar. Ya kuma ranta a hannun ƙanensa da wasu abokai biyu na masallaci. Ya ɗauki fiye da shekara yana wannan juyi, saboda kunya. Mutanenmu kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a je gaban alƙali a ce an kasa biya, wannan a wurinsa tonon asiri ne. Sai da aka kai shi ƙara aka rufe masa asusun banki sannan ya yarda ya ga lauya.

Dokar karayar arziki ta Amurka ta ba mutum ɗaiɗai manyan ƙofofi biyu. A Babi na 13, mutum yana riƙe kayansa ya yi ta biyan wani kaso na shekara 3 zuwa 5 a ƙarƙashin idon kotu. Wannan yana buƙatar kuɗin shiga tsayayye, kuma a lokacin akwai iyaka ta wajen dala 400,000 a kan bashin da ba shi da jingina, iyakar da masu lamba da yawa suka zarce tunda darajar lambar ta zube. A Babi na 7 kuwa, wakilin kotu yana karɓar duk kadarar da doka ba ta kare ba ya sayar ya raba wa masu bin bashi, sauran bashin kotu ta sauke wa mutum. Alhaji ba shi da gida, ba shi da wata kadara sai lambar, ita ma jingina ce a hannun masu rance. Babi na 7 ya shiga, a 2019, a kotun da ke Bowling Green a ƙasan Manhattan, inda ake kai shari'o'in Bronx. Tun gyaran dokar na 2005 dole sai an auna kuɗin shigar mutum, ya halarci zaman shawara kafin shigar da takardu, ya kuma yi wani ɗan kwas na sarrafa kuɗi kafin a sallame shi. Ranar da takardu suka shiga, duk kiran waya da ƙara da rufe asusu suka tsaya cak bisa umarnin doka.

Akwai abu ɗaya da ya kusa jefa shi cikin matsala, kuma duk Bahaushen da ya samu kansa a wannan hali zai iya faɗawa. Kafin a shigar da takardu, Alhaji ya so ya tattara ɗan abin da ya rage ya biya ƙanensa, don kada a ce ya ci amanar gida. Lauyan ya hana shi. Kuɗin da aka biya ɗan'uwa ko makusanci cikin shekara guda kafin shiga kotu, wakilin kotu yana da ikon bin sa ya ƙwato daga hannun ɗan'uwan, domin doka tana kallon hakan a matsayin fifita wani mai bin bashi a kan sauran. Haka kuma dole ya rubuta sunan kowa a jerin masu binsa, har ƙanen da abokan masallaci, domin takardun rantsuwa ce. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne, dokar ba ta hana mutum ya biya wanda ya ga dama daga baya ba, da kuɗin da ya samu bayan shari'a, don raɗin kansa. Ya kira ƙanen ya ce masa, "Za ka ga takarda daga kotu da sunanka. Kada ka damu da ita. Kuɗinka na wuyana har gaban Allah." Ƙanen ya ce, "Haba Yaya, ni na taɓa yi maka maganarsu?"

Bayan kamar wata huɗu takardar sauke bashi ta iso. Lambar ta tafi, bashin lambar da na katuna ya tafi da ita. Lasisinsa na tuƙi bai taɓu ba, domin doka ta hana hukumomin gwamnati ƙwace wa mutum lasisi don kawai ya shiga wannan kotu. Ya koma hayar mota mako-mako yana aiki ta manhajar waya, wato cikin sana'ar da ta karya shi.

Ba a jima ba akwatin wasiƙunsa ya cika da tayin sababbin katuna da na rancen mota. Ya yi mamaki, ya ɗauka kuskure ne. Lissafi ne kawai. Wanda aka sauke wa bashi a Babi na 7 ba zai sake samun irin wannan sallama ba sai bayan shekara 8 daga ranar da ya shigar da ta farko. Ga mutum babu bashi a kansa, ga shi ba shi da ƙofar gudu na tsawon shekaru, ga shi kuma zai karɓi kowane sharaɗi don yana ganin ba mai kula shi. A wurin wasu kamfanoni babu abokin ciniki mai daɗi kamarsa. Alhaji ya yayyaga takardun duka, ya ce shi da kati har abada.

Ya cika alkawarin nan fiye da shekara, har cikin annobar korona. Komai da tsabar kuɗi ko katin cire kuɗi na asusunsa. Ya shiga adashi da direbobi 'yan Nijar da Gana, bai taɓa saɓa zubi ba. Yana biyan haya a kan kari. A idon duk wanda ya san shi, mutum ne da ya gyara zamansa. A idon Equifax da Experian da TransUnion, kamfanoni uku da ke ajiye tarihin bashin mazauna Amurka, babu abin da ya faru da shi tun ranar da ya bar kotu. Adashi ba ya zuwa wurinsu, katin cire kuɗi ba ya zuwa, yawancin ƙananan masu gidajen haya ma ba sa aika komai sai in an ƙi biya an kai ga masu karɓar bashi. Labari na ƙarshe a fayil ɗinsa shi ne karayar arziki, kuma Babi na 7 yana zama a rahoto shekara 10 daga ranar shigarwa.

Ya ga illar wannan ne da iyalinsa suka nemi gida mai ɗaki ɗaya ƙari. Duk inda ya cike takarda sai a duba makinsa na bashi, wato adadin da ake fitarwa daga wancan rahoto don auna yadda mutum ke biya, a mayar masa da ita. Ya ce zai ajiye hayar wata shida a gaba, aka ce ba hali: dokar haya ta jihar New York ta 2019 ta taƙaita kuɗin ajiya ga hayar wata guda. Doka ce da aka yi don kare 'yan haya, amma ta toshe hanyar da mai tsabar kuɗi marar maki yake bi a da. A nan ne babbar 'yarsa, wadda ke karatu a kwaleji, ta shigo maganar. Ta ce, "Baba, su fa mutanen nan ba su san ka a masallaci ba. Abin da aka rubuta musu kawai suke gani. Dole a samu wani da zai riƙa rubuta musu kowane wata cewa ka biya."

Kafin a je ga kati, sai da suka ciro rahotonsa daga kamfanonin uku, ta shafin AnnualCreditReport da doka ta tanada kyauta. Wannan mataki ne da mutane ke tsallakewa, kuma a ganina ya fi zaɓen kati muhimmanci. Duk bashin da kotu ta sauke ya kamata ya nuna sifili, da bayanin cewa ya shiga cikin shari'ar. A rahoton Alhaji, ɗaya daga cikin tsofaffin katunansa an sayar da bashinsa ga wani kamfanin karɓar bashi, shi kuma yana ta aika cewa ana binsa, wata bayan wata. Wato fayil ɗinsa yana nuna shi a matsayin wanda har yanzu yake ƙin biya. Suka rubuta ƙorafi, suka haɗa da kwafin takardar kotu da jerin masu bin bashi. Doka ta ba kamfanonin rahoto kimanin kwana 30 su bincika, kuma aka gyara. Neman bashin da kotu ta sauke saɓa wa umarnin kotu ne, da kamfanin ya ci gaba da lauyan zai iya mayar da maganar gaban alƙali.

Sai batun da ya fi tsayawa Alhaji a rai, wato riba. Ya san a baya ya yi dumu-dumu a cikinta, da rancen lamba da katuna, kuma yana ganin abin da ya same shi ba ya rasa nasaba da hakan. Yanzu da Allah ya fitar da shi, ya sake sa hannu a takardar da ke ɗauke da sharaɗin kuɗin ruwa? Tambayar ba ta wasa ba ce, malamai ma ba su haɗu a kanta ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mai katin ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Hujjarsu ita ce sa hannun kansa yarda ce da sharaɗi haramtacce, kuma ɗan Adam ba shi da tabbacin gobe. Wasu malamai kuwa, musamman masu zama cikin Musulmin ƙasashen Yamma, sun yi sauƙi ga wanda buƙata ta matsa wa, muddin yana da yaƙinin zai riƙa biya gaba ɗaya a kan lokaci, suna kafa hujja da hadisin Barira, inda ciniki ya inganta sharaɗin da ya saɓa wa shari'a ya faɗi. Malamin da Alhaji ya tambaya yana ɓangare na biyu, amma ya ɗaure shi da magana ɗaya: "Alhaji, ranar da ka ga sisin kwabo na ruwa ya hau kanka, to ka san ka fita daga abin da na faɗa maka." Ba aikina ba ne in raba gardamar malamai. Abin da na lura da shi kawai, sharaɗin malamin da abin da lissafin maki ke so sun zo daidai, domin maki ba ya buƙatar mutum ya biya kuɗin ruwa ko kaɗan.

Ga yadda abin yake. Makin FICO, wanda yawancin masu ba da rance ke dubawa, yana tsakanin 300 da 850. Kamfanin da kansa ya bayyana ma'auninsa: kashi 35 cikin ɗari tarihin biya a kan lokaci, kashi 30 yawan abin da ake bin mutum idan aka gwada da iyakar da aka ba shi, kashi 15 daɗewar asusu, kashi 10 sababbin neman bashi, kashi 10 kuma nau'o'in bashin. Babu gurbin albashi, babu na ajiyar banki, babu na kuɗin ruwan da mutum ya biya. Kati kuma yana da tazarar alfarma: dokar katuna ta 2009 ta wajabta a aika wa mutum lissafin wata aƙalla kwana 21 kafin ranar biya, kuma a yawancin katuna wanda ya biya duk abin da lissafin ya nuna kafin ranar, ba a ɗora masa komai a kan sayayyarsa.

Katin da suka zaɓa mai jingina ne. Mutum yana ajiye kuɗinsa a banki, bankin ya ba shi kati mai iyaka daidai da ajiyar. Alhaji ya ajiye dala 300. Ya yi ta ƙorafi cewa wannan ai rainin hankali ne, a karɓi kuɗinka a ranta maka su. Haka ne, amma abin da yake saya da ajiyar shi ne rahoton da bankin zai riƙa aikawa duk wata. Shi ya sa 'yar ta tsaya a kan sai katin da ke aika rahoto ga kamfanoni uku duka, wanda ba shi da kuɗin shekara, kuma mai mayar da ajiya idan an ga hali mai kyau. Sun kauce wa bankunan da bashinsu ya shiga shari'ar, don su suna da nasu kundin kuma sau da yawa ba sa mantuwa. Sun kuma yi amfani da gwajin share fage da bankuna ke yi ba tare da taɓa maki ba, saboda kowace cikakkiyar nema tana barin tabo a rahoto shekara 2, tana kuma rage maki a shekarar farko.

Irin katunan da suka cika masa akwati a baya fa? Yawancinsu ba sa neman ajiya, nan ne daɗinsu, amma kuɗin buɗewa da na shekara da na wata-wata ne ke cinye su. Dokar 2009 ta hana kuɗaɗen shekarar farko su wuce kashi 25 na iyakar kati, wato dala 75 a katin dala 300. Sai wasu suka koma karɓar wani kuɗi tun kafin a buɗe asusun, wanda ƙa'idar ba ta ƙirga shi, a shekara ta biyu kuma a ƙaro na wata-wata. Ajiyar Alhaji za ta dawo masa. Waɗancan kuɗaɗe ba sa dawowa.

Watannin farko abin bai motsa yadda suka zata ba. Alhaji, da yake direba ne, ya riƙa shan mai da katin har ya kusa cika, wajen dala 270, sannan ya biya duka kafin ranar biya. Bai yi latti ba, bai biya ruwa ba, amma makin ya ƙi tashi sosai. Dalili shi ne yawancin bankuna suna aika wa kamfanonin rahoto adadin da ke kan kati a ranar rufe lissafin wata, ba bayan an biya ba. Duk wata fayil ɗinsa na nuna mutumin da ya cinye kashi 90 na abin da aka ba shi. Gyaran bai da wuya. Suka cire mai daga katin, suka bar masa kuɗin layin waya kaɗai, dala 25, wajen kashi 8 ke nan, suka sa banki ya riƙa cire cikakken lissafin da kansa daga asusunsa. Katin ya koma cikin durowa. Wannan ɓangare na maki, a tsarin da aka fi amfani da shi, ba ya riƙo: da adadin ya sauka, wata mai zuwa makin ya bi.

A gareji kuwa shawara ba ta ƙarewa. Akwai masu rantsuwa cewa sai ka bar ɗan bashi a kati yana kwana, banki ya ɗan ci da kai, sannan maki ke hawa. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma tsada gare shi, don kuɗin ruwan katunan masu raunin maki yakan kusanci kashi 30 a shekara. Akwai kuma wani da ya zo masa da cewa zai goge karayar arzikin daga rahoto in an ba shi wasu ɗaruruwan daloli, ko ya samo masa sabuwar lambar shaida mai alƙaluma tara da zai riƙa bayarwa a madadin lambar shaidarsa ta gwamnati, wato Social Security. Bayanin da yake gaskiya ba mai iya goge shi kafin wa'adinsa, dokar 1996 ta haramta wa masu sana'ar gyaran maki karɓar kuɗi kafin su yi aiki, lambar bogi kuwa laifi ne na tarayya, sau da yawa ma ta wani yaro ce ko mamaci aka sato. Ga ɗan ci-rani wannan kasada ce da za ta iya cin takardun zamansa. Ita karayar arzikin kanta ba laifi ba ce a doka.

Sau ɗaya ya karya sharaɗin malam. Aka bugo daga gida cikin dare cewa an kwantar da yayarsa a asibiti, asusunsa kuma babu isasshe sai ƙarshen mako. Ya ɗauko katin ya tura kuɗi ta manhajar aika kuɗi. Bankin ya lissafa shi a matsayin cirar tsabar kuɗi, wadda ba ta da tazarar alfarma: akwai kuɗin cira nan take, ruwa kuma yana fara hawa tun ranar. Ya biya cikin kwanaki kaɗan, abin da ya hau bai taka kara ya karya ba, makinsa ma bai ji ba. Shi ne dai ya ji. A wurina wannan ne ainihin haɗarin kati ga irin su Alhaji. Ba mutum ne mai sayen agogo ko talabijin da bashi ba. Kiran gida ne ke karya shi, rashin lafiya da biki da ragon layya da rufin ɗakin da ruwa ya kwashe, kuma ba wanda zai ce masa ya ƙi ɗauka. Maganin da suka samu shi ne asusu na dabam da ake zuba wani abu duk mako don irin wannan kira, da kuma fahimtar juna da 'yan adashi cewa mai larura yana iya karɓar kwasa kafin layinsa.

Cirar kai-tsaye da suka saita ta yi rana lokacin da ya tafi gida ya yi wata biyu. Banki ba ya kai rahoton latti sai biya ya wuce kwana 30, amma in ya kai, tabon yana zama shekara 7, kuma latti bayan karayar arziki ya fi muni a idon mai ba da rance, don yana nuna halin bai canza ba. Mutum yana Maraɗi cikin 'yan'uwa, layin Amurka a kashe, dala 25 ce za ta fi saurin fita daga ransa. Ya dawo ya tarar an biya wata biyun.

Kafin shekara ta zagayo bankin ya mayar masa da dala 300 ɗinsa ya bar masa katin, daga baya ya ɗaga iyakar. Bai rufe shi ba, tunda daɗewar asusu na cikin ma'auni. Wani abin da suka yi, wanda da sun yi shi tun farko da sun huta, shi ne buɗe wa uwargida nata katin. Ba ta sa hannu a rancen lamba ba, don haka shari'ar mijinta ba ta shiga fayil ɗinta ba. Hasali ma ba ta da fayil, duk da tana aikin kula da tsofaffi tana samun albashi. FICO yana buƙatar asusu ya yi wata shida kafin ya fitar da maki, kuma nata ya fito babu tabo. Da sunayensu biyu da takardun shigar kuɗinsu biyu suka sake neman gida, makinsa ya haura 600 da ɗan dama, nata ya fi haka. Wani mai gida ya ga karayar arzikin a rahoto, ya tambaya, Alhaji ya ce lambar tasi ce. A New York wannan amsa ba ta buƙatar dogon bayani. Aka ba su.

Akwai tambayar da har yanzu ake yi masa: da ya daure, da bai fi ba? A Nuwamba 2021, bayan yajin cin abinci na kwana 15 da ƙungiyar direbobin tasi ta jagoranta a gaban ofishin magajin gari, an sanar da yarjejeniya da Marblegate, kamfanin da ya fi kowa riƙe basukan lamba. Za a rage bashin kowane direba zuwa dala 170,000, biyan wata kada ya wuce dala 1,122, birnin kuma ya tsaya a matsayin lamuni. Nasara ce babba ga waɗanda suka kai lokacin. Amma a 2019 ba wanda ya san za a yi ta, asusun Alhaji a rufe yake, shekara biyun da ke tsakani kuma sun haɗa da watannin korona da titunan Manhattan suka zama wayam. Ko a tsarin da aka sanar, dala 1,122 sau wata 240, wato shekara 20 ana biya, ya kusa dala 270,000, a wuyan mutumin da ya haura hamsin. Wanda ya riƙe lambarsa yana da kadara a ƙarshe in farashi ya farfaɗo. Alhaji ba shi da ita, ba kuma mai binsa ko dala ɗaya a hukumance. Ni na fi karkata ga cewa ya yi daidai da abin da ke gabansa a ranar, illa dai shekarar da ya ɓata yana juya katuna kafin ya ga lauya, da wadda ya ɓata bayan kotu yana gudun kati.

Inda maganar take yanzu: tsofaffin asusun da suka lalace suna fita daga rahoto shekara 7 daga lattin farko, don haka nasa na 2018 wa'adinsu 2025. Shari'ar kanta sai 2029. Tun kafin nan ƙofar sayen gida a buɗe take bisa ƙa'ida, domin rancen da hukumar gidaje ta tarayya ke lamuncewa yana neman shekara 2 bayan sallamar Babi na 7, na gama-gari kuma shekara 4. Alhaji ya ce in zai sayi gida sai ta kamfanonin da ke bin tsarin musharaka, su ma kuwa rahoton nan da makin nan suke dubawa kafin su shiga haɗin gwiwa da mutum. Ya gama biyan abokan masallaci biyu. Na ƙanensa saura kaɗan, yana tura masa duk lokacin da ya kwashi adashi.